Aikin tiyata biyu a nono ɗaya

Ni haifaffiyar Mai Wurno ce, garin da ke kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu, inda kakanninmu suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Malamar firamare ce ni. 'Ya'yana biyar, kuma kowannensu ya sha nono har ya ƙoshi kafin a yaye shi. Na kawo maganar shayarwa ne saboda yawancin matan da suka zo duba ni abin da suka fara faɗa ke nan: "To ke da kika shayar da biyar, ta ina ya shiga?" Shayarwa tana rage hatsarin sankarar mama, likitoci ma sun yarda da haka, amma ba ta rufe ƙofa ruf. A shekarar 2021, ina da shekara 41, aka tabbatar mini ina ɗauke da ita a nonon hagu.

Ƙullutu ne na ji ta sama, ɓangaren da ke kusa da hammata. Yana da tauri, ba ya gudu a ƙarƙashin yatsa, kuma ba ya ciwo ko kaɗan. Rashin ciwon nan shi ne ya sa kowa a gida ya ce ba komai ba ne. Da al'adata ta zo ta wuce na ga yana nan yadda yake, sai na gaya wa maigidana, muka kama hanyar Wad Madani.

Kafin yaƙin 2023, mai ciwon daji a Sudan wuri biyu ya fi sani: asibitin Zarra a Khartoum, wanda aka buɗe a 1967, da cibiyar ciwon daji ta ƙasa da ke Madani ƙarƙashin Jami'ar Jazira. Madani ta fi mana kusa. A lokacin, a harabarta za ka ga mutanen Gadarif, Damazin, Kosti da ƙauyukan Jazira, kowa da ledar takardunsa, wasu sun shimfiɗa tabarma a inuwa tun asuba. Gwaji iri uku aka yi mini: likita ta taɓa da hannu, aka ɗauki hoton mamogiram, wato hoton cikin nono, da na sikanin, sannan aka sa allura mai kauri aka tsakuro tsoka kaɗan aka kai ɗakin gwaji.

A kan allurar nan muka fara samun saɓani da Inna, mahaifiyata. Ta ce, "Ke 'yar nan, daji ba ya son ƙarfe. Da zarar an taɓa shi da allura, ya tashi ke nan." Duk Bahaushe ya taso da wannan magana a kunnensa, kuma maƙwabtanmu Larabawa ma suna da irinta. Na tambayi likitar, ta ce tsakuro tsoka ba ya watsa ciwon, kuma idan ba a yi ba, babu mai iya sanin irin dajin, balle maganin da zai yi masa aiki. Na fahimci inda maganar su Inna ta samo asali: matan da suka gani an kai asibiti, an kai su ne bayan ciwon ya riga ya ci jiki, sai aka ɗora laifin mutuwarsu kan wuƙar likita.

Sakamako ya nuna daji ne mai kutsawa, wanda ya faro daga hanyoyin ruwan nono, kuma shi ne irin da ya fi yawa a mata. Tun da ƙullutun bai yi girma sosai ba, aka ce za a cire shi da ɗan naman da ke kewaye da shi a bar nonon, a kuma kwashe kaluluwar hammata a duba. Aka yi aikin lafiya. Na dawo gida da nonona, sai tabo. Maigidana ya yanka rago, aka yi sadaka, aka dafa balila aka raba wa yaran unguwa, mata suka yi ta shigowa barka da arziki. A wurin kowa magana ta ƙare.

Abin da ya sa nake rubuta wannan labari shi ne abin da ya biyo baya, domin ban taɓa jin wata mace ta bayyana shi ba kafin ya same ni.

Da muka koma karɓar takardar ɗakin gwaji, likitar ta ce mu zauna. Ta juyo takardar ta nuna mini layi biyu. Na farko ya ce dajin da ya kutsa cikin tsoka faɗinsa santimita 2.3 ne. Na biyu yana ɗauke da haruffa huɗu, DCIS, a gabansu an rubuta kusan santimita 6, kuma an ce ya kai har bakin inda wuƙa ta yanka. Ni lamba 6 kawai idona ya gani. Jikina ya yi sanyi, na ce, "Likita, ashe ƙarya hannuna ya yi mini? Abin ya ninka yadda aka ce?"

Ta tambaye ni ko na san yadda ake ban ruwa a Jazira. Na ce wa bai sani ba. Ta ce, "To, Hajiya, nono cike yake da ƙananan hanyoyi kamar magudanan da ke kai ruwa gonaki. Wannan ciwo yana fara tsirowa ne a cikin magudana, yana bin ta a hankali, bango na riƙe da shi. Muddin yana ciki, ba ya iya zuwa hammata, ko ƙashi, ko huhu. A wuri ɗaya ne ya fasa bango ya malala cikin gona, wurin nan shi ne ƙullutun da kika ji. Sauran yana nan kwance cikin magudana, hannu ba ya jin sa."

Daga nan ta warware mini sauran dalla-dalla, kuma zan faɗe shi yadda na riƙe, don na san akwai mai riƙe da irin wannan takarda yanzu ba ta san me take nufi ba.

Ɓangaren da bai fasa ba, wato DCIS ɗin da ke takardar, in shi kaɗai aka samu a jikin mace, ana kiransa mataki na sifili. Yawanci ba ya yin ƙullutu. A mamogiram ake ganinsa, wasu 'yan ɗige-ɗige farare na sinadarin kalsiyam a tattare wuri ɗaya, wani lokaci kuma da ruwa mai jini daga kan nono yake bayyana. Ba dukkansa ne ke rikiɗewa ya zama mai kutsawa ba, sai dai har yau likitoci ba su da tabbatacciyar hanyar gane wanda zai rikiɗe da wanda zai zauna, shi ya sa ake cire shi. Samun sa tare da daji mai kutsawa a nono ɗaya kuwa abu ne da ake gani kullum, ba wani baƙon al'amari ba. Hoton da aka ɗauke ni ya nuna ɗige-ɗigen kusa da ƙullutun, amma hoto kan nuna ƙasa da abin da ke akwai, musamman a nonon mace mai ƙananan shekaru, wanda tsokarsa ke da cunkoso.

Sai maganar da ta dawo mini da numfashina. Ta ce matakin ciwo da ɓangaren da ya fasa ake auna shi, ba da wanda ke cikin hanyoyin nono ba. Nawa santimita 2.3 ne, kuma cikin kaluluwa 12 da aka cire, ɗaya ce ta kamu, don haka ina mataki na biyu. Da a ce duk santimita 6 ɗin nan mai kutsawa ne, da ina mataki na uku. Ta ce kasancewar wancan ɓangaren bai rage mini damar rayuwa ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne girman wanda ya fasa, da yawan kaluluwar da ta kamu, da zafin ƙwayoyin a ƙarƙashin madubin gwaji, da kuma abin da suke ci su girma.

Matsalarsa a wani wuri take. Idan aka ciro tsoka, ana shafa wa bayanta tawada, a yayyanka ta a duba. In ƙwayoyin ciwo sun taɓa tawadar, to an yanka ta tsakiyarsu ke nan, akwai saura a jiki. Nawa sun taɓa ta gefe biyu. In an bar su, hatsarin ciwon ya dawo a nonon yana da yawa, kuma a cikin waɗanda irin wannan ke dawo musu, kusan rabi da mai kutsawa yake dawowa. Ƙona wurin da hasken na'urar kashe ƙwayoyin daji ba ya wanke abin da wuƙa ta bari da yawa. Za a iya sake yanka a faɗaɗa, amma da yadda ya bazu da kuma girman nonona, abin da zai rage ba zai zama nono ba. Shawararta ita ce a cire shi gaba ɗaya.

Ranar da muka kai wannan labari gida ta fi ranar da aka ce ina da daji nauyi. Inna ta ce, "Ba ga shi ba? Na ce kar a taɓa." Surukata ta ce ita ba ta taɓa jin an yanka rago an gode wa Allah sannan a koma a ce aiki bai yi ba, likitoci kuɗi suke nema. Wani kawuna ya aiko a ce akwai malami a wajen Singa da ya warkar da mata da yawa da rubutun sha da zuma da habbatus sauda. Ba na raina addu'a, ita ce ta riƙe ni, kuma na sha rubutu na sha zuma a lokacin nan. Amma wahalar da ke cikin al'amarin ita ce ni kaina lafiyata lau nake ji. Tabo ya warke, ba ƙullutu, ba ciwo, ina cin abinci, ina iya sharar tsakar gida. Ana so in ba da nonona saboda abin da ba na gani, ba na ji, wanda wani mutum da ban taɓa haɗuwa da shi ba ya hango a madubi ya rubuta a takarda.

Akwai kuma maganar da ba a yi a gabana, amma tana zuwa kunnena: mace mai nono ɗaya, ai sai ta shirya karɓar kishiya. Wannan tsoro yana kashe mata fiye da yadda ake zato. Wata rana da dare na ce wa maigidana, "Malam, ka ji abin da ake faɗa. Me ka gani?" Ya ce, "Ni uwar yarana nake so a raye. In kin yarda da likitar nan, gobe ma mu koma." Na yi istihara, zuciyata ta natsu a kan aikin. Shi ya je ya zauna da mahaifiyarsa, ni na zauna da tawa. Inna ba ta gamsu ba, amma ita ce ta kwana a ƙasan gadona a asibiti.

Takardar aiki na biyu ta nuna an samu sauran ciwon a hanyoyin nonon da aka bari a baya, har kusa da kan nono. Babu wani sabon wuri da ya fasa. Na riƙe takardar na kai wa surukata, jikanta ya karanta mata ya fassara. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya saka wa likitar da alheri.

Kimawi, wato maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya, ya biyo baya, kowane mako uku, an fara da jan maganin nan da ke mayar da fitsari ja ya kuma zubar da gashi. Wanda ya sha ya san shi, ba sai na tsawaita ba: amai, ɗacin baki, farce ya yi baƙi, tafin ƙafa ya riƙa tsitstsira. Kisra, siririyar gurasar dawa, da miyar kuɓewa busasshiya da ruwan zoɓo ne kaɗai ke zama a cikina. Bayansa aka ƙona ƙirji da haske na wasu makonni saboda kaluluwar da ta kamu. Gwaji ya nuna dajina da sinadarin mata, istirojin, yake girma, kuma ba ya cikin irin da ake kira HER2, wanda ke buƙatar wata allura mai tsada ta shekara guda. Don haka aka ɗora ni kan tamoksifen, maganin da ke tare aikin istirojin a nono, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum, na aƙalla shekara biyar. Yana kawo zafin jiki da gumi da dare. An gargaɗe ni in na ga jini ba lokacinsa ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, in garzaya asibiti.

A ɗakin kimawi na san wata baiwar Allah, Bahausa daga wajen Gadarif, ba ta kai ni shekaru ba. Shekara biyu kafin haɗuwarmu an cire mata ƙullutu a wani ƙaramin asibiti, aka ɗinke, aka sallame ta. Tsokar ba a kai ta ko'ina ba, zubar da ita aka yi. Ba takarda, ba wanda ya ce ta dawo. Da ciwon ya sake fitowa a bakin tabon, ya riga ya kai ƙashin baya. Tana ce mini Yaya, ina ce mata ƙanwata, muna raba abin da aka kawo mana daga gida. Ta rasu kafin in gama nawa maganin, ta bar yara uku. Har yau in na tuna ta zuciyata tana zafi, don abin da ya raba hanyata da tata kwalba ɗaya ce ta ruwan adana tsoka da takarda ɗaya. Duk wanda ya yanki nonon mace ya zubar da abin da ya ciro ba tare da gwaji ba, ya zalunce ta, ko da nufinsa alheri ne. Kuma duk wadda za a yi wa aiki tana da haƙƙin ta ce a kai tsokar gwaji, ta karɓi takardar a hannunta, ta tambaya ko gefunan sun fita tsaf.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da wannan ciwo a duniya, kusan 670,000 suka rasu. Burin da ta sa wa ƙasashe tun 2021 shi ne a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari a mataki na ɗaya ko na biyu, kuma a gama bincike cikin kwana 60. A benci da na zauna a Madani, masu mataki na biyu irina mu ne 'yan kaɗan. Yawancin matan sun zo ne da nono ya riga ya fashe, suna rufe shi da tsumma a ƙarƙashin mayafi.

Likitar ta ce 'yan uwana mata su je a duba su, tun da ciwon ya same ni da ƙananan shekaru. Yayata, wadda ta girme ni da shekara shida, ta ce ita ba abin da ke damunta. Na dame ta har ta gaji. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na ce mata, ba zan ƙyale ki ba. A 2022 ɗanta da ke aiki a Khartoum ya kai ta cibiyar kula da lafiyar nono da Dakta Hania Morsi Fadl ta kafa, wadda aka buɗe a 2010. Mamogiram ya nuna ɗige-ɗigen nan a nonon dama, faɗinsu bai kai santimita 2 ba. Babu ƙullutu, likita ma da hannunta ba ta ji komai ba. Gwaji ya ce irin nawa ne na cikin hanyoyin nono, amma nata bai fasa ko'ina ba. Aka cire wurin, gefuna suka fita tsaf, aka ƙona da haske. Ba ta sha kimawi ba, gashinta bai zube ba, nononta yana nan. Ciwo ɗaya ne da nawa, an dai riske shi kafin ya kai inda nawa ya kai.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Asibitocin Khartoum suka rufe ɗaya bayan ɗaya, marasa lafiya suka kwararo Madani, wasu da rabin kimawi a jikinsu. A Disamban shekarar Madani ma ta faɗi. A ƙarshen Yunin 2024 faɗa ya iso Singa, muka bar gida muka nufi Gadarif da abin da hannu zai iya ɗauka. Na bar tukwane, na bar keken ɗinki, amma takardun asibitina na ɗaure su a leda a ƙarƙashin rigata, domin duk likitan da zan tarar a gaba da su zai san ni. Tamoksifen ya yi wuyar samu. Wata 'yar goggona da ke zaune a Makka ita ta riƙa saya tana ba matafiya masu zuwa Port Sudan, daga can a miƙo mana. Akwai lokacin da ya yanke mini, na riƙa kwana ina lissafi. Da na samu likita a Gadarif ya ce in ci gaba daga inda na tsaya, kar in ninka ƙwaya don rama wadda ta wuce. Matan da suke tsakiyar zaman haske lokacin da na'urori suka tsaya, da yawansu ban sake jin labarinsu ba.

Yanzu ina cikin shekara ta huɗu da tamoksifen. Hannuna na hagu yana kumbura in na yi wanki mai yawa ko na ɗauki jarkar ruwa, saboda kaluluwar da aka kwashe, don haka ina ɗaga shi kan matashi da dare, kuma da dama nake miƙawa in za a ɗebi jini. Na ɗinka ƙaramin matashin auduga ina sawa a rigar nono, ba wanda ke ganewa a ƙarƙashin mayafi. Na koma koyarwa a wata makaranta da aka buɗe wa yaran 'yan gudun hijira. Sikanin da aka yi wa nonon dama da hammata a bana bai nuna komai ba, alhamdu lillahi, ina jiran samun mamogiram don shi ne ke ganin ɗige-ɗigen da sikanin kan tsallake. Likita ya ce in na cika shekara biyar za mu zauna mu duba ko za a ƙara mini zuwa goma, domin irin dajina yana iya dawowa bayan shekaru masu yawa. Babbar 'yata kuma ya ce ta fara gwaji da kimanin shekara goma kafin shekarun da aka gano nawa, wato tana shiga talatin da ɗaya. Saura mata shekara takwas, ta riga ta rubuta a littafinta.